Rumbun Cikin Waya

Ni malamar firamare ce a Jibiya, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san abu biyu ne ba na iya haƙuri da su: yaro mai ƙarya da albashi mai ƙafa. Na farkon ina da maganinsa. Na biyun ne ya gagare ni, don wata ba ya kaiwa tsakiya sai in zazzage jaka in tarar ba komai sai guntun alli da katin asibiti. In zauna in yi ta mita, ina neman wanda zan ɗora wa laifi.

A lokacin mu huɗu ne a gidan da iyayenmu suka bar mana. Ni, da na dawo bayan rasuwar mijina, Allah bai ba ni haihuwa ba. Sai autanmu, da matarsa da ya auro daga wajen Maradi, da 'yarsu da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Sana'arsa dako da babur. Ya ɗauko gero da wake daga ƙauyuka ya kawo kasuwa, in hanya ta yi kyau ya tsallaka da su boda. Ni na goye shi yana jariri, shi ya sa har ya yi gemu ban daina yi masa tsawa ba, shi kuma bai daina yi mini dariya ba.

Wata la'asar ina cikin mitar tawa ya miƙo hannu ya ɗauke wayata.

"Yaya, kuɗinki ba aljanu ka ɗauka ba. Biki da suna ka cinye su. Kawo in sa maki abin da zai riƙa kama ɓarawon."

Manhajar lissafin kuɗin gida ce ya sa mini. Ya buɗe layi-layi: albashi, magani, gudummawar biki, cajin wuta, kowanne da gurbinsa. Ya haɗa ta da tasa wayar, ta yadda abin da ya rubuta zan gani, abin da na rubuta zai gani. Ya kuma yi wa kansa layi guda, ya sa masa suna cefanen gida, ya saita shi ya riƙa ƙara a farkon kowane wata don ya tuna masa ya ba matarsa kuɗin abinci. Na ce masa namijin da sai waya ta tuna masa ciyar da iyali ai abin a kai shi ƙara ne. Ya ce ba don shi ya sa ba, don ni ne, in riƙa gani ina jin kunyar zaginsa.

Na raina abin da farko, daga baya na fi shi naci. Shi kuwa har abin ya zama masa ciwo. Faci, mai, shayi, rake, takalmin yarinya, ba abin da ba ya rubutawa. Ina cikin aji sai in ga ya shigar da ƙosai, in san yana tasha, in san lafiyarsa lau. Ban lura ba a lokacin, amma da wannan nake bin sawunsa a hanyoyin da kowa ya san sun lalace.

Da watan Janairu ya kama, na buɗe manhajar sai ga wani allo ya tare mini gaba. Wai sabuwar shekara ta shigo, in rufe tsohuwa in fara sabuwa. A ƙasa akwai wata kalmar Turanci da ban taɓa koya wa ɗalibai ba. Hankalina ya tashi, na ɗauka goge mini wahalar shekara guda za ta yi. Na ƙwala wa auta kira yana wanke babur.

"Zo ka ga abin da ka jawo mini. Wace sabuwar shekara kuma? Ba kaka ba, ba Muharram ba, wa ya aike ta?"

Ya goge hannu a wando ya duba, ya yi dariya.

"Ba zubarwa za ta yi ba, Yaya. Rumbu ne. Kin manta yadda Baba ka yi a Mazanya?"

Ban manta ba. Mahaifinmu ba ya yarda a zuba sabon gero a kan tsoho. Kafin a kawo amfanin bana sai an kwashe ragowar bara an ware shi gefe, a share rumbun, a toshe duk inda ɓera ya huda, sannan sabo ya shiga. Wanda ya yi ganganci ya haɗa su, ƙwarin da ke cikin tsohon su bi sabon su cinye. Muna yara mu ake turawa ciki da tsintsiya, mu fito fari fat muna tari.

Auta ya nuna mini yadda ake yi. Manhajar ta jero layukan duka, kowanne da 'yar alama a gefensa. Wanda ka bar wa alama ya bi ka sabuwar shekara, wanda ka cire wa ya tsaya a tsohuwa. Ya danna, shekarar ta shige, shafi ya dawo fari. Ya buɗe mini inda ta tafi, ga komai nan yadda muka rubuta, har ƙosansa.

"Kina iya dubawa duk sa'ad da kika so," ya ce. "Amma ba a ƙarawa, ba a ragewa. An rufe ke nan."

Na ce, "Wurin da ba a ɗiba kuma ba a ƙarawa ai ba rumbu ba ne, kabari ne."

Ya ce bakina ba ya faɗin alheri, muka yi dariya, ya koma wajen baburinsa.

A cikin wannan shekarar ne, bayan an fara girbi, ya fita da safe zuwa wajen Bugaje ɗauko wake. Na ga ya rubuta mai. Daga nan ban sake ganin komai ba. Da azahar ta wuce na fara zaginsa a raina, da la'asar ta yi na daina zagi. Kafin magariba labari ya iso gari cewa an tare hanya an shiga da mutane daji.

Wanda bai zauna a yankinmu ba zai yi mamaki in na ce mun yi ta addu'ar mutanen dajin nan su kira mu. Amma haka ne. Kira shi ne alamar mutum yana da rai. Gidajen da aka ɗauki nasu rana ɗaya da namu duk an kira su, suka sayar da abin da za su sayar, wasu suka dawo a rame kamar an zare musu jini. Na bi su gida-gida ina tambaya. Wani ya ce ya gan shi a kwanakin farko, daga baya aka raba su. Wani ya ce bai san fuskarsa ba. Mu dai ba kira, ba gawa, ba babur. An neme shi sama da ƙasa, ba a ji ko ɗuriyarsa ba.

Da wata ya kama, wayata ta yi ƙara. Na zabura na ɗauka har tana neman faɗuwa, ina tsammanin su ne. Ashe layin auta ne: cefanen gida. Na daɗe ina kallonsa. Sai na tashi na auni geronsa da ke ɗaki na kai kasuwa, na kawo kuɗin na damƙa wa matarsa, na ce, "Ga cefanenki, inji mijinki." Na dawo na rubuta a layinsa cewa ya biya.

Haka na ci gaba. Da geron ya ƙare na sayar da buhunan wake biyun da ya bari. Da suka ƙare na koma kan albashina, wannan mai ƙafar, wanda yanzu na iya ɗaure shi tamau. Na daina zuwa biki, na daina ɗinki. Duk farkon wata waya ta yi ƙara, in ƙirga in kai mata, in faɗi kalmomin nan, in rubuta. Ta san kuɗina ne, na san ta sani. Takan sa hannu biyu ta karɓa ta ce, "Allah shi saka, Yaya," ba ta taɓa ƙara ko kalma ba. Ni kuwa ina jin daɗi a raina cewa duk wanda ya buɗe wayar nan zai ga autanmu bai taɓa tsallake wata ba.

Janairu ya zo, allon nan ya fito. Na danna ba yanzu ba. Ya sake fitowa, na sake dannawa, har ya gaji ya koma ɗan jan rubutu a saman shafi. Na ci gaba da zuba sabuwar shekara a kan tsohuwa, abin da Baba zai ci mutuncina a kai da yana raye. A ganina muddin shekarar da ya fita a cikinta ba ta rufu ba, to fitar ce kawai ya yi, bai gama dawowa ba.

Yarinyar ta girma a hannuna. Takalmin da ubanta ya saya mata ya matse ta, na saya mata wani. Ta koyi magana, ta koyi rashin kunya irin tawa, in na dawo daga makaranta ita ke karɓar jakata tana jan ta a ƙasa. A ɗakina take barci. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na riga na zaɓa mata ajin da zan sa ta da kujerar da za ta zauna.

Shekara ta sake zagayowa. Wayar ta yi nauyi, sai in danna manhajar in je in ɗora ruwa in dawo ba ta gama buɗewa ba. Allon ya dawo, wannan karon da taurin kai, yana cewa shekara biyu ke jiran a rufe su. A ranar ne ma ƙarar cefane ta yi. Na ƙirga kuɗin na same ta a tsakar gida tana tankaɗe. Na miƙa mata na ce, "Inji mijinki."

Ba ta miƙo hannu ba. Ta ajiye rariyar ta ce, "Yaya, don Allah ki bar ba ni."

Na ɗauka kara take yi mini. Na ce ta karɓa kar ta ɓata mini lokaci, ina da aji.

"Ba kara ba ce. Babana ya tambayi malam can gida. An ce in mace ta rasa mijinta, in ba shi ciyar da ita, tana iya zuwa wurin alƙali a raba auren. Amma muddin ana ba ta da sunanshi, sai a ce ta ƙara haƙuri, shekara da shekaru. Kuɗɗin ga da kike ba ni, Yaya, su sunka ɗamre ni."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ce mata abin da ya zo bakina. Na ce ashe ta gaji, ashe an riga an yi mata miji a Maradi, shi ya sa ake aiken malamai. Na ce mutumin da ke daji yana cin wuya, ita tana nan tana cin tuwonsa tana lissafin ranar tafiya. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Ta bar ni na gama, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ba miji nika biɗa ba," ta ce. "So nike in san ko ni mi ce. In an yi rasuwa na tahi gaisuwa, ban san inda zan zamna ba. Masu miji su matsa mani awa mai takaba, masu takaba su dube ni awa mai miji. In na sa lalle a yi magana, in ban sa ba a yi magana. Ke da naki ya rasu kin ga gawa, kin yi takaba, kin hita. Ni hwa?"

Na tambaye ta abin da ya fi damuna.

"Yarinyar fa?"

"Ɗiya ƙarama ce, Yaya. Inda uwa ta tahi nan za ta."

Na jefa kuɗin a kan tabarma na fice. Ranar ɗalibaina sun sha tsawa ba su san laifinsu ba. Da aka tashi ban nufi gida ba, na biya wajen limamin unguwarmu, da niyyar ya ƙaryata malamin nasu in dawo in kunyata ta. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce hukunci na alƙali ne, amma maganar da aka gaya mata tana da tushe. Sannan ya tambaye ni, cikin sanyin murya, ko dukiyar ƙanena ce nake ba ta. Na ce ta ƙare tuntuni. Ya ce, "To Malama, ki ciyar da ita don Allah, ladanki na nan. Amma ki bar cewa inji shi." Na yi masa sallama a daƙile.

Da na koma gida kuɗin na nan a kan tabarma inda na jefa su, an ɗora musu dutse kar iska ta kwashe.

Kwana da kwanaki ba ma magana sai gaisuwa. Ina kallonta tana shara, tana wanki, tana yi wa yarinya kitso. Sai na lura da abin da na ƙi gani tuntuni. Yarinya ce ƙarama aka kawo mana, mai yawan dariya, mai kiran waya salula muna yi mata tsiya. Yanzu ta koma kamar tsohuwa, ba ta fita, ba ta ado, danginta na tsallaken boda ba ta isa ta je ta daɗe ba don kar a ce ta gudu daga ɗakin miji. Ni na riƙe ta a nan, da kuɗina, da sunan alheri. Kuma na san ba don ita nake yi ba. Ina tsoron ranar da zan daina, don ranar ce zan yarda auta ba ya nan, kuma ranar ce za a ɗauke mini yarinyar.

Wata Asabar da hantsi na zauna a bakin ƙofar ɗakina na buɗe manhajar. Na jira ta gama nauyinta. Na danna inda na fi shekara ina gudu. Ta jero mini layukan, kowanne da alamarsa. Albashi, na bari. Magani, na bari. Gudummawar biki, na bari, ko da yake na manta rabon da in ba da. Na zo kan cefanen gida. Yatsana ya tsaya a kai har allon ya yi duhu, na sake kunna shi. Yarinyar ta zo ta jingina a bayana tana leƙe, tana tambayar ko hoto zan nuna mata.

Na cire alamar.

Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Na yi tsaki. Abu mara rai, mara dangi, shi ke tambayata ko na tabbata. Ban tabbata ba, har yau ban tabbata ba, amma na danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, sannan shafi ya dawo fari. Maganar kabarin da na yi wa auta ranar da yake wanke babur ta faɗo mini, na ji kamar in ciji harshena. Na tashi na je na tsaya a kan matarsa tana wanke-wanke, na ce ta sa rana, zan raka ta wurin alƙali.

Da sabon wata ya kama wayar ba ta yi ƙara ba. Na saya mana hatsi da kayan miya kamar kullum, muka ci a kwano ɗaya. Tuwon bai canza ba, sunan mai shi ne kawai ya canza.

Ban san za a nemi shaida daga gare ni ba sai da muka je. Alƙalin dattijo ne, bai tsananta ba. Ya ji bayaninta, ya ji na mahaifinta da ya tsallako don zaman, sannan ya ce dangin miji su matso. Ni kaɗai ce dangin miji. Ya tambaye ni rabona da ƙanena, na faɗa. Ya tambaya ko an ji labarinsa, na ce ba a ji ba. Sai ya ce, "Ya bar mata abin da za ta ci?"

Wayar tana cikin jakata, a kan cinyata. A cikinta akwai mutumin da ko ruwa ake ko rana sai ya fita nema, wanda ke rubuta ƙosan da ya ci don kar ya taɓa kuɗin gida, wanda bai taɓa bari an tambaye shi cefane ba. Na goye shi, na san shi tun bai san kansa ba.

Na ce, "Bai bari ba."

"Yana ciyar da ita?"

Na ce, "Ba ya ciyar da ita, ranka ya daɗe."

Magatakarda ya rubuta. Ina jin ƙarar bironsa a kan takarda. Matar auta ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ni ko ɗigo ban yi ba.

Alƙali ya raba auren, ta yi iddarta a gidanmu. Da ta gama na raka su boda da kaina, na riƙe yarinyar a cinyata har inda ba a bari mai rakiya ya wuce. Manyan motoci na layi, masu babura na kiran fasinja, kowa na harkarsa. Uwar ta durƙusa ta ce in yafe mata, na ce ta tashi kar ta tara mini mutane. Yarinyar ta ɗauka kasuwa za su, ta ce in ajiye mata tuwonta. Na ce to.

Suna zuwa da salla in hanya ta yi kyau, kuma ba kullum take kyau ba. Uwar ba ta yi aure ba har yanzu, ni da na zarge ta ban taɓa samun bakin ba ta haƙuri yadda ya kamata ba. Duk Janairu in allon ya fito ina rufe shekara ba gardama, layukana ba su da yawa. Wani lokaci nakan buɗe waccan in duba. Faci, shayi, takalmin yarinya, mai. A ƙasa kuma cefane, wata bayan wata, nasa da nawa a haɗe, ba mai iya bambancewa. Na taɓa gwada rubuta wani abu a ƙarshen layin, ta ƙi karɓa.

Wayata ba ta kwana babu caji. Akwai waɗanda suka dawo bayan an fid da rai, na gansu da idona a garin nan. In Allah ya sa auta na cikinsu, ni zai tarar a gidan ni kaɗai, kuma ni zan gaya masa inda matarsa da 'yarsa suke, da abin da na tsaya gaban alƙali na faɗa a kansa. Kullum ina roƙon Allah ya dawo mini da shi, kuma har yau ban san da wane baki zan faɗa masa ba.